Idan 'yan sanda sun kama naka a Sakkwato: abin yi daga awar farko har zuwa kotu

Yawancin ƙorafin da ake yi a kan 'yan sanda a ranar farko yake mutuwa, tun kafin lauya ya ji labari. An kama yaro da magariba, 'yan uwa sun bazama neman wanda ya san wani babba, an kwana uku ana jeka-ka-dawo, an biya kuɗi an karɓo shi da kumburarren ido. Bayan wata biyu sai a zo ana son yin ƙara. A tambaya: wace rana aka kama shi, ƙarfe nawa? Wa ya kama shi? Nawa aka biya, a hannun wa? Likita ya duba shi? Sai kallon-kallo. Dokar tana nan da ƙarfinta, amma alƙali da takarda da shaida yake aiki, kuma su a kwanakin farko ake tara su.

Wa ke da iko da ɗan sanda

A fara da wannan, domin shi ke nuna ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a Najeriya, ta tarayya. Dattawan da suka ga zamanin En'e sun san 'yan doka, amma tun ƙarshen shekarun 1960 aka haɗe su cikin rundunar tarayya. Saboda haka Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato ba ta da hurumin ɗaukar ɗan sanda, ko korarsa, ko rage masa muƙami. Gwamna yana iya ba Kwamishinan 'Yan Sanda umarni kan tsaron jama'a, sai dai sashe na 215 ya ba kwamishinan damar ya nemi a fara kai maganar gaban Shugaban Ƙasa ko ministan da abin ya shafa.

Duk da haka jiha ba ta rasa madafa ba. Ita ke yin dokar laifuffuka, ita ke tsara yadda za a kama mutum, a tsare shi, a gurfanar da shi a kotunanta. Sakkwato tana da dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2019, wadda ta bi sawun ta tarayya ta 2015. Alƙalan majistare na jiha ne, Babbar Kotu ta jiha ce, kuma sashe na 211 ya ba Antoni Janar na jiha ikon gurfanar da duk wanda ya karya dokar jiha, ko da kaki a jikinsa. Ɗan sandan da ya raunata mutum ko ya kashe shi ba bisa ƙa'ida ba, a kotun jiha ake yi masa shari'a kamar kowa.

A saman waɗannan akwai Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Satumba na shekarar, da Dokar Hana Azabtarwa ta 2017. Dukkansu suna aiki a kowane caji ofis na ƙananan hukumomi 23 na jihar nan.

A wurin kamu

Kada a yi kokawa, kada a gudu, kada 'yan unguwa su taru su ƙwace mutum. Ko da kamun bai halatta ba, hana ɗan sanda aiki laifi ne mai zaman kansa, wanda Dokar 2020 ta sa wa tarar Naira 500,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. Mutum yakan shiga hannu ba shi da laifin komai, ya fito da tuhumar da shi ya jawo ta da hannunsa. A kotu ake ƙalubalantar kamu, can ne ake cin nasararsa.

Wanda ke tsaye a gefe shi ke da aiki. Ya duba agogo. Ya karanta sunan da ke ƙirjin kakin da lambar aiki idan akwai. Ya riƙe lambar mota da rubutun da ke jikinta, ya ƙirga mutum nawa ne, ya tambaya cikin ladabi ina za a kai shi. Ya rubuta duka a takarda, ko ya tura wa wani ta WhatsApp nan take, domin saƙon yana ɗauke da rana da lokaci. Ya kuma karɓi sunayen mutum biyu da suka ga abin da idonsu, mai shayi ne ko ɗan kabu-kabu, tun kafin su watse.

Ɗan sanda yana da ikon kama mutum ba tare da waranti ba idan yana da dalili mai ƙarfi na zarginsa da laifi, wannan gaskiya ne. Amma sashe na 35 na Dokar 2020 ya wajabta masa faɗa wa mutum dalilin kamun nan take, sai fa idan a tsakiyar aikata laifin aka same shi. Dole ya sanar da shi cewa yana da damar yin shiru har sai ya ga lauya, kuma hukuma ta sanar da danginsa ba tare da an caji kowa ko kwabo ba. Ankwa ma ba a sa ta haka kawai, sai in ana tsoron mutum zai gudu ko zai yi faɗa, ko don kare lafiyarsa, ko kotu ta ce a sa.

Kamu iri biyu ne dokar ta hana ƙarara, kuma su ne suka fi yawa a wajenmu. Na farko kama wani a madadin wani: an zo neman ɗa ba a same shi ba, a tafi da uba ko mata ko ƙane "har sai ya kawo kansa". Sashe na 36 na Dokar 2020 ya haramta wannan. Na biyu kamu kan bashi ko saɓa alkawarin ciniki, wanda sashe na 32 ya hana. Dillali ya karɓi buhu hamsin na albasa, kasuwa ta faɗi a Kudu, ya kasa cika kuɗi: wannan maganar kotun farar hula ce ko kotun shari'ar Musulunci. Yana zama laifi ne kawai idan akwai shaidar cewa tun farko yaudara aka shirya, ko an ci amanar abin da aka ba mutum ajiya. Masu bin bashi su lura da kyau, domin kotuna sun sha haɗa wanda ya kai ƙarar da 'yan sandan su biya diyya tare, idan ta bayyana shi ya ingiza su su zame masa masu karɓar bashi.

A shingen bincike kuwa, sashe na 54 na Dokar 2020 ya ce shekarun mutum, ko askinsa, ko irin tufafinsa, ko kasancewar an taɓa ɗaure shi kan mallakar haramtaccen abu, ba su isa dalilin bincikensa ba. Mace ce ke binciken jikin mace. Wayar hannu tana cikin sirrin da sashe na 37 na tsarin mulki ya kare, kuma shugabannin rundunar da kansu sun sha hana buɗe wayoyin mutane a kan hanya.

A gaban kanta

Mutum biyu su je, nutsattsu, ba gayyar dangi ba. Ɗaya ya yi magana, ɗaya ya riƙa rubutawa. Magana mai taushi ta fi buɗe ƙofa: "Ranka shi daɗe, ni yayan wane ne da anka kawo jiya da magariba. Kan wane laifi anka riƙe shi, kuma wa ke da binciken?" Abu uku ake so a fito da su: laifin da ake zargi, sunan jami'in da ke bincike, wanda ake kira IPO, da tabbacin cewa an shigar da sunan mutumin a littafin caji ofis da ranar da aka kawo shi. Na ukun ya fi sauran nauyi. Wanda ba a rubuta shigarsa ba, gobe ana iya cewa ba a taɓa ganinsa ba, ko a ce yau da safe aka kawo shi. Idan aka ce an mayar da shi sashen binciken manyan laifuffuka na jiha, a tambayi rana da wanda ya raka shi, a bi shi can a ranar.

Kayan da aka karɓe a hannunsa, waya, kuɗi, babur, dole a lissafa su a takarda, shi da jami'in su sa hannu, a ba shi kwafi. A nemi a rubuta adadin kuɗin da lambar injin babur. "Kuɗi da waya" kawai ba lissafi ba ne.

Sai batun bayani, inda aka fi yin asara. Sashe na 60 na Dokar 2020 ya ce idan wanda ake zargi ya zaɓi yin bayani, ana ɗaukarsa a gaban lauyansa, in ba shi da lauya a gaban jami'in Hukumar Tallafin Shari'a, wato Legal Aid, ko wakilin wata ƙungiyar farar hula, ko wani mutum da shi ya zaɓa. Wanda ba ya jin Turanci a samo masa tafinta, a karanta masa abin da aka rubuta da harshen da yake ji, tafintan ya rubuta sunansa ya sa hannu. Abin da yakan faru shi ne mutum ya yi bayani da Hausa, a rubuta da Turanci, a miƙo masa tawada ya dangwala yatsa. Bayan shekara biyu a kotu a karanto masa cewa ya amsa laifi. A gaya wa wanda ke tsare, da baki, tun ziyarar farko: kada ya dangwala a kan abin da ba a karanta masa ba, kada ya sa hannu a farar takarda. A 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tanadin dokar tarayya na ɗaukar bidiyon amsa laifi da halartar lauya wajibi ne, kuma lauyoyi suna kafa hujja da wannan hukuncin.

Beli da ƙidayar awoyi

Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace. A cikin birnin Sakkwato babu caji ofis da ya yi wa kotu wannan nisan. Haka kuma cikin awa 24 dole a ba shi dalilin tsare shi a rubuce da harshen da yake fahimta.

Kamun ranar Juma'a shi ne tarkon da aka sani: kotu ba ta zama Asabar da Lahadi, sai a ce a dawo Litinin. Sashe na 62 na Dokar 2020 ya toshe wannan ƙofar. Idan laifin ba na hukuncin kisa ba ne, kuma ba zai yiwu a kai mutum kotu cikin awa 24 ba, shugaban caji ofis ya ba da belinsa. Wato rashin zaman kotu dalilin sakinsa ne.

Belin caji ofis kyauta ne. Adadin da ake rubutawa a takardar beli alkawari ne na abin da mai tsayawa zai biya idan mutumin ya gudu, ba kuɗin da ake ajiyewa a kan tebur ba. Mai tsayawa ya zo da katin shaida, da hoto, da adireshin da za a iya samunsa. Mace tana iya tsaya wa mutum, babu dokar da ta hana. Idan IPO ya nemi "na takarda" ko "na mai", a nemi ganin DPO, wato shugaban caji ofis. Sau da yawa a nan maganar take ƙarewa, don ba kowane DPO ke son a ji irin wannan a ofishinsa ba.

In an matsa har aka biya don ceton mutum, a bar sawu. Kuɗin da aka tura ta banki ko ta mai POS yana da rasit mai ɗauke da suna da lokaci, na hannu kuwa ya tafi kenan. A adana rasit, a rubuta wanda ya faɗi adadin da wanda ya nuna inda za a tura. A kai ƙorafi cikin kwanaki kaɗan, domin wanda ya yi shiru wata da watanni ana iya juya maganar a ce cin hanci ya bayar da son ransa.

Awa 24 ta wuce, ba beli ba kotu? Sashe na 64 na Dokar 2020 ya ba da hanya mai sauƙi wadda mutane kaɗan suka sani: a sanar da kotun da ke da hurumin laifin, a rubuce ko da baki, ita kuma ta umarci a kawo mutumin ta duba dalilin tsare shi, ta ba da beli in ya dace. Sannan sashe na 70 ya ɗora wa Babban Majistare ziyartar caji ofis-ofis na yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba littafin kamu, ya ba da beli inda yake da hurumi. Takarda gajera zuwa ga magatakardan kotun, mai ɗauke da sunan wanda ke tsare da wurin da ranar kamu, tana sa a tambayi sunansa idan an je.

Manyan laifuffuka dabam suke. Kisan kai da fashi da makami Babbar Kotu kaɗai ke ba da belinsu. 'Yan sanda sukan kai mutum gaban majistare da takardar FIR, wato rahoton farko na laifin da ake zargi, a tura shi gidan gyaran hali a jira shawarar ma'aikatar shari'a. A nan mutane ke shekara an manta da su. Kowane umarnin tsarewa yana da wa'adi da ranar dawowa (a dokar tarayya kwana 14 ne a karon farko), don haka a rubuta ranar, a je kotun a ranar, a kuma bi sawun fayil: ya bar hannun 'yan sanda? ya isa ofishin Daraktan Gabatar da Ƙararraki? Yawancin jinkirin a tsakanin tebura biyun nan yake kwana. A gabashin jihar, wajen Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo, zargin zama infoma na 'yan bindiga yana iya faɗawa ƙarƙashin dokar ta'addanci ta 2022, wadda ta yarda a tsare mutum har kwana 60. Amma kotu ce ke ba da wannan izinin. A nemi sanin kotun da ta bayar da ranar da ta bayar.

Idan an yi duka

Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta lissafa abin da take kira azabtarwa: duka, hana abinci, jona wutar lantarki, ƙuna da taba, dulmiya kai cikin ruwa, ɗaure mutum ko rataye shi a yanayi mai wahala, rufe ido, barazanar kisa gare shi ko iyalinsa, tsarewa a ɓoyayyen wuri. Hukuncinta ɗauri ne har shekara 25, idan kuma rai ya salwanta shari'ar kisan kai ce. "Oga ne ya sa ni" ba kariya ba ce, kuma shugaban da abin ya faru a ƙarƙashinsa yana iya shiga ciki. Amsa laifin da aka samu ta wannan hanya kotu ba ta karɓarsa. Sai dai a faɗa wa lauya tun wuri, domin lokacin da mai gabatar da ƙara ya miƙa takardar a kotu ake tashi a ƙalubalance ta. In an bari ta shige, gyara ya yi wuya.

Ranar da aka sako mutum, ko washegari, asibitin gwamnati za a nufa, Asibitin Ƙwararru ko na Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko babban asibitin ƙaramar hukuma. A yanki kati, a gaya wa likita abin da ya faru da ranar da ya faru, a roƙe shi ya rubuta kowane rauni da wurinsa da girmansa. In akwai karaya, a yi hoton ƙashi kafin a je wurin mai ɗori. Mun san ɗorin gida mutane suka fi yarda da shi, amma mai ɗori ba ya ba da takardar da kotu za ta karɓa. A ɗauki hoton raunukan da rana a fili, fuska tana fitowa a ɗaya daga ciki, a sake ɗauka bayan kwana biyu lokacin da shatar duka ta fi fitowa. Rigar da ta yi jini kada a wanke ta. Wanda harbi ya samu, dokar 2017 kan masu raunin bindiga ta tilasta wa kowane asibiti karɓarsa ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin ajiya ba.

Wayar da aka ɗauki hoto ko bidiyo da ita a adana ta, kada a sayar, kada a yanke bidiyon. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana buƙatar bayani kan na'urar da ta samar da shi. Kafin a watsa a Facebook da sunan jami'i a shawarci lauya, don kalma ɗaya da ba za a iya tabbatarwa ba tana iya jawo tuhumar ɓata suna, mai ƙara ya koma wanda ake ƙara.

Mutuwa a tsare ita ce mafi wuya a wajenmu, saboda gaggauta jana'iza sunna ce kuma zuciya ba ta son a jinkirta. Amma da zarar an rufe, an rufe da mafi ƙarfin shaida. Kafin wanka da likkafani a ɗauki hoton jiki a gaban dattawa biyu, a nemi likita ya duba ya rubuta, a rubuta wa Kwamishina da Antoni Janar ana neman binciken musabbabin mutuwa. Malamai da dama na wannan zamani sun halatta binciken gawa idan ana neman gano laifi, sai iyali su tuntuɓi malamin da suka amince da shi a ranar. Kada a sa hannu a takardar da ke cewa iyali ba su da ƙorafi don a samu a karɓi gawa.

Hanya uku, kowace da abin da take bayarwa

Ta farko horon cikin gida ne na rundunar: yana kai ga rage muƙami ko kora, ba ya ba da diyya. Ana rubuta takardar koke zuwa ga Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, a aika kwafi ga Mataimakin Sufeto Janar na Shiyya ta 10, wanda ofishinsa a nan Sakkwato yake, da Sashen Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da aka kafa a 2015, wanda sashe na 131 na Dokar 2020 ya ce a samar a kowace jiha. Ƙananan jami'ai, daga kurtu zuwa sufeto, a cikin rundunar ake yi musu shari'ar ladabtarwa. Manya kuwa sai Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, wadda ke da iko kan kowa ban da Sufeto Janar. Takardar kada ta wuce shafi biyu: wane ne, yaushe, a ina, me aka yi, su wa suka gani, me ake nema. Ba zagi, ba "kullum haka suke yi". A haɗa kwafin takardun asibiti da rasit, na ainihi su zauna a gida. A je da kwafi biyu, a sa a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka. Koken da ba shi da hatimi, ba a kai shi ba. A kai irinsa ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ke Sakkwato. Ba a biyan kuɗi, kuma tun gyaran dokarta na 2010 hukuncinta yana iya zama kamar na Babbar Kotu idan an yi masa rajista.

Shari'ar laifi a kan jami'in ita ce hanya ta biyu, kuma ta fi tsauri, tunda abokan aikinsa ne za su bincike shi. Ana iya kai ƙorafi kai tsaye gaban majistare, sai dai shi ma sau da yawa 'yan sanda yake mayar wa su bincika. Don haka a nemi a ba wani sashe dabam da wanda jami'in yake, a kuma sanar da Antoni Janar a rubuce.

Ta uku ita ke kawo diyya: ƙarar kare haƙƙin ɗan Adam a ƙarƙashin sashe na 46 na tsarin mulki da ƙa'idojin shigar da irin wannan ƙara na 2009, a Babbar Kotun Jiha ko Babbar Kotun Tarayya da ke Sakkwato. Sashe na 35(6) na tsarin mulki ya ce wanda aka kama ko aka tsare ba bisa doka ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Da takardar rantsuwa ake yin wannan shari'ar, galibi ba a kiran shaidu, shi ya sa bayanan kwanakin farko suke zama komai. Idan mutumin yana tsare, ɗan uwan da ya san abin da ya faru yana iya rantsuwa a madadinsa, kuma lauya na iya neman umarnin gaggawa a sako shi ko a kawo shi kotu. Ƙa'idar ta ce a sa ranar saurare cikin kwana bakwai da shigarwa, ko da yake a aikace takan zarce. Wanda ba ya karanta Turanci, dole a rubuta a ƙarshen rantsuwar cewa an fassara masa ya fahimta, da sunan tafinta.

A sa sunan jami'in da kansa cikin waɗanda ake ƙara, tare da Kwamishina da Sufeto Janar. Tun ƙa'idojin 'yan sanda na 1968, ƙa'ida ta 341 ta ce kowane jami'i shi ke ɗaukar alhakin wuce gona da irin da ya yi da ikonsa. Kurakuran da ke kashe irin wannan ƙara sanannu ne: a cusa rikicin fili ko na bashi a matsayin babbar buƙata, alhali tauye haƙƙi ne ya kamata ya zama ginshiƙi, ko mutum biyar su haɗu a takarda ɗaya, abin da kotuna suka saɓa a kansa, don haka kowa ya shigar da tasa ya fi aminci, ko a kasa isar da sammaci yadda doka ta ce. Wannan ƙarar ba ta da wa'adin shigarwa. Ƙarar diyya ta yau da kullum a kan ma'aikacin gwamnati kuwa wata uku kacal doka ta ba ta, kuma nan lauyan da bai saba ba yake zamewa.

Za a zo biko. Da zarar takarda ta isa, sai a turo mai unguwa ko limami ko wani dattijo a ce a yi haƙuri, mutumin yana da iyali. Sulhu alheri ne, kuma wanda aka zalunta shi ke da zaɓi. In za a yi, a rubuta shi: kuɗin magani nawa, kayan da za a mayar, ranar biya, shaidu su sa hannu. A karɓa tukuna, sannan a janye.

Cin shari'a dabam, karɓar kuɗi dabam. Kuɗin rundunar yana asusun gwamnati, kuma sashe na 84 na dokar aiwatar da hukuncin kotu yana neman amincewar Antoni Janar kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati, abin da kan ja shekaru. Wannan ne amfanin sa sunan jami'in da na wanda ya ingiza shi: dukiyarsu ta kansu ba ta da wannan katangar. A nemi lauya ya roƙi kotu ta ɗora biyan a kansu gaba ɗaya da kuma ɗaiɗaiku.

Duk abin da aka faɗa kan tsarewa da duka ya shafi sauran masu kaki, amma ƙofar koke tana canzawa. Rundunar tsaron al'umma da Gwamna Ahmed Aliyu ya ƙaddamar a 2024, da Hisba, dokar jiha ce ta kafa su, don haka shugabanninsu da Antoni Janar na jiha ake rubuta wa, su ake sawa a ƙara. 'Yan banga da 'yan sintirin unguwa ikonsu bai wuce na kowane mutum ba: wanda suka kama su miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da jinkiri ba. Idan suka kwana da shi a ɗaure ko suka dake shi, da sunayensu ake kai ƙara caji ofis da kotu.